Kwalbar da Na Cika wa Haj Bashir

Kafin yaƙi, ni mutum ne da maƙwabta ke ba ajiyar makulli in za su yi tafiya. A unguwar Alsawra ta Omdurman aka haife ni, mahaifina tela ne, ban kuma taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Kawuna ya samo mini aiki wurin wata likita a Khartum, wadda aka ba izinin duba lafiyar masu tuƙa ƙananan jirage, irin masu kujera biyu da masu hali ke hawa don nishaɗi. Wanda ba ta sa wa hannu ba, ba ya tashi sama. Tana duba ido da kunne da zuciya da hawan jini, sannan fitsari. Aikina shi ne in miƙa kwalba, in tsaya a ƙofar bayi, in mayar da ita ɗakin gwaji. Ko gaisuwa ba kowa ke yi mini ba.

Haj Bashir ne ya fara gaishe ni da suna. Bahaushe ne ɗan Omdurman, mai sayar da kayan gyaran mota a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu. Da na miƙa masa kwalba sai ya riƙe hannuna ya ce, "Ya zol, bawan Allah, ina da sukari, allura nake yi. In diktora ta gani, kalas, shi ke nan na bar jirgi. Ni da ke tuƙa mota har Madani ban taɓa ko jiri ba! Cika mini da naka." Na ce haram ne. Ya yi dariya ya zura mini sabuwar waya a aljihu. Na shiga bayin na cika.

Ba a yi wata biyu ba ya turo abokinsa, abokin ya turo wani, duk na cika musu. Daga nan na daina yarda da kowa. In mai shara ta daɗe a bakin bayi, sai in ce leƙena take. In mai gadi ya tambaye ni ina na samu waya, sai in kwana biyu ban yi masa magana ba. Likita kuwa, mace ce mai kallon mutum ta saman tabarau, ko sannu ta ce mini sai in tsaya ina auna abin da take nufi.

Abin da ban sani ba, wankan da nake yi a Nilu lokacin zafi ya sa mini tsargiya. Ido bai fara gani ba tukuna, amma gwaji ya gani. A mako guda mutum uku suka zo sabunta takarda, har da Haj Bashir, dukkansu da ɗigon jini a fitsari. Likita ta jera sakamakon a tebur ta ce, "Attajirai uku masu famfo a gida, me ya kai su wanka a kogi?" Ba ta kalle ni ba, wannan ya fi kallon tayar mini da hankali. Ta ba ni lambobinsu ta ce in kira su, kada wanda ya tashi sai ta sake duba shi da kanta.

Na kira biyu. Na Haj Bashir na danne, don shi ne mai sakin baki, na tabbata in ta matsa shi sunana zai fara faɗa. Na ce mata wayarsa a kashe take.

Ranar Juma'a, cikin azumi, ya yi allurarsa ya ɗauki 'yarsa Nafisa, ɗalibar jami'a, ya tashi. Sukarinsa ya faɗi a sama, ya suma. Jirgin ya faɗo a daji yamma da Omdurman. Shi ya rasu nan take, ita kuwa bayanta ya karye.

Da na koma aiki, likita ta miƙo mini kwalba ta ce, "Yau kai ne za ka cika, ni zan tsaya a ƙofa." Ban yi gardama ba. Gwaji ya nuna jinin nan a nawa. Shekara huɗu na yi a gidan yari.

Da aka sake ni, na je gidansu neman gafara. Na sami Nafisa a keken guragu a tsakar gida. Na durƙusa na faɗi komai ina kuka. Ta saurara har na gama, sannan ta kira ni baffa da Larabci, ta ce, "Ya ammi, Baba ya san ba shi da lafiya. Kai ma ka sani. Ni kaɗai ce ba wanda ya gaya wa, kuma ni ce a kujerar gefe." Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban sake roƙo ba.

Na tuba, ina kuma roƙon Allah kullum. Ku matasa, za a ba ku ƙaramin aiki a bakin wata ƙofa, wani babba zai zo ya ce ku kau da kai, ransa ne, ba ruwan kowa. Kada ku yarda. Kafin ku karɓi abin hannunsa, ku tambaye shi wa zai ɗauka a kujerar gefe.