Masu Ratsa Filin Sauka

Kowa ya ce tsoro ne ya sa na buga jirgin nan da ƙasa, wai mace ce, hannunta ya yi rawa. Ƙarya ne. Wallahi ban ji tsoro ba, kaucewa na yi, kuma ku saurara ku ji abin da na kauce wa.

Kafin yaƙin nan na ƙasarmu ne, ban daɗe da gama sakandare ba. Kawuna bakanike ne a unguwar Alshajara, shi yake gyara wa wata ƙungiyar masu koyon tuƙi injinan jirage a wani fili can yamma da Umdurman, na dame shi da naci har ya roƙa mini aka sa ni cikin ɗalibai. Jirgin ƙarami ne mai dogon fiffike, kujera biyu, kana tashi da inji, in ka yi sama ka kashe shi iska ta ɗauke ka, ka sauko shiru. To saukar ita ce aikin, don in inji yana kashe ba ka da damar ka fasa ka sake zagayowa.

Ran nan da hantsi ni da malaminmu, Kabtin, muna gangarowa, komai daidai, na buɗe birkin fiffike, taya ta kusa taɓa ƙasa, sai ga mutane a jere suna ratsa filin a gabana. Maza da mata, kaya a ka, sanduna a hannu, sun fito daga yamma sun miƙi gabas, ba mai sauri, ba mai ɗaga kai. Ta 'yar tagar gefe har na ji wata tana cewa, “Ku jira na baya,” da Hausa irin ta tsofaffinmu. Me zan yi? Na ja sandar tuƙi. Hancin jirgi ya ɗaga, gudu ya ƙare, muka faɗo tim, ƙafar taya ta karye, farfela ta daki ƙasa.

Kabtin ya kwance bel ɗin kujera yana huci. “Ke ya bitti,” wato yarinya da Larabci, “wa ya ce ki ja?”

Na ce, “Mutanen fa?”

Ya waiga, ni ma na waiga. Fili fetal, ko akuya babu, sawu ma babu sai na tayarmu. Ya ce saura mini sauka ɗaya in an gyara jirgi, in na sake, halas, shi ke nan, in koma gida.

Ni abin bai ba ni tsoro ba, haushi ya ba ni, da son in sani. Na bi na tambaya, ashe ba ni ce farau ba, wasu ɗalibai biyu sun buga a daidai wurin, aka ce zafin ƙasa ne yake tura jirgi sama. Na samu ɗaya a shagon babansa cikin Kasuwar Umdurman, namu ne Bahaushe, jikan 'yan aikin gonakin Gezira. Na ce masa, “Kai ma ka gan su?” Ya juya Larabci yana ce mini ba ya son magana, amma yadi ɗaya sai da ya auna shi sau uku.

A gida na gaya wa Haboba, kakata. Na zaci addu'a za ta tofa mini, sai ta ci gaba da tsince wakenta ta ce, “Gabas suka nufa?” Na ce e. Ta ce iyayenta da ƙafa suka zo daga ƙasar Hausa za su Makka, kuma ba duk wanda ya taso ne ya iso kogin nan namu ba. Sai ta ce, “Akwai ruwa a wurin?”

Na tambayi Kawu. Ya ce da can akwai randunan sabil a gindin wata bishiya, irin waɗanda ake ajiye wa masu wucewa su sha, ba a san ma wa ya fara ajiye su ba. Da aka ƙara tsawon filin aka sare bishiyar aka kwashe su, kada fiffike ya taɓa. Ya ƙura mini ido ya ce, “Bayan nan ne aka fara buge-bugen.”

Ban ce muku na san su waye ba, har yau ban sani ba. Me ya sa Kabtin bai gani ba? Kuma wannan da ta ce a jira na baya, su wa take nufi? Abu ɗaya zan ce muku, in kun tarar da randa a bakin hanya ba mai ita, ku bar ta inda take.

Washegari na hau raksha, keken hayar nan mai taya uku, na je kasuwa na sayi randa da moɗa. Na ƙudura zan kafa ta can gefe, inda fiffike ba ya kaiwa, in cika ta da ruwa da hannuna kafin in hau. Na ce a raina, saukata ta ƙarshe kuma zan wuce wurin in sauka gaba kaɗan, in bar musu hanyarsu. In sun fito, wannan karon zan duba fuskokinsu sosai, ko akwai mai kama da Haboba.