Gida Biyu na Illa

A shekarar da fari ya cinye mana bisashe, wutar tatsuniyar Kaka ba ta mutu ba, ko da yake ba kullum tukunya ke hawa kanta ba. A Tawa muke, muna rayuwa da jar dawar taimako da sojoji ke rabawa.

Yayana Illa shi ne mai tsaron gida na ƙungiyar balon garinmu, wato ƙwallon ƙafa. Mai horar da su wani Bature ne mai ɗingishi, mutumin Sarbiya. Kafin gero ya ɓace yakan sayi furar Kaka, ya zauna yana zuba mata labari da guntuwar Hausarsa. Ana gobe za su kara da ƙungiyar bariki, sojan da ke rabon dawa ya tare Illa a hanya, ya ce in bai bar balo ta shiga ba, gidanmu ya manta da mudu.

Daren nan Illa ya faɗa mana abin da sojan ya ce. Kaka ta tura kara cikin wuta, ta ce ga ta nan, muka amsa can ƙasan maƙoshi.

"Wata ƙasa mai ƙanƙara," in ji ta, "anka yi wani yaro mai tsaron gida, hannunai awa danƙo. Manya sunka ce ya saki guda. Yas saki. Sunka ba shi mota da bene. Amma tun ran nan, in ya kwanta, balon ga shika gani tana wuce shi. Har yab bar garinsu, ga shi nan cikin Tawa yana ɗingishi."

Illa ya ɗago kai. "Kaka, gidan ga ma ni ka tsaronai. Mi za mu ci?"

"Ni tatsuniya niy yi, ban ce maka komi ba." Ko ƙurunƙus ba ta ce ba, ta shige ɗaki.

Washegari Illa ya kama duk abin da aka buga masa. Gari ya yi sowa, Baturen ya rungume shi, mu kuwa aka hana mu dawa. Kaka ta ce ramuwar azumi take yi, ta riƙa turo mana akushinta. Mu da wautar yunwa muka riƙa lashewa. Ba ta ga damina ba, ta rasu.

Na daɗe ina jin haushin Illa, wallahi. Sai da na girma na tambayi kaina: tsohuwar da ba mu taɓa ganin ta sha azumi ba, wanne za ta rama? Ashe tun a gaban wutar nan suka raba aiki. Shi ya tsare wancan gida, ita ta tsare wannan.