Rufin Motar Mai Ɗinki

Maƙwabcina sana'arsa ɗinkin kujerun mota, shi ya sa kowa ke ce masa Mai Ɗinki. Ya ƙare rayuwarsa yana farke tsohuwar fata yana ɗora sabuwa, amma motar da ke garejinsa bai taɓa sa mata allura ba. Tsohuwar mota ce ta alfarma, irin mai rufin tamfol da ake naɗewa baya. Ya saye ta a hannun magadan wani attajiri tun yana da ƙarfinsa. Fentinta ya dushe, fatar kujerar direba ta tsattsage, ya bar su yadda suke. Ya sha gaya mini cewa darajarta ita ce babu abin da aka sauya mata tun fitowarta daga masana'anta. Duk mako yakan tayar da injin, ya gusa da ita kaɗan don kada tayoyin su kwanta gefe guda, sannan ya shafa wa fatar mai. Rufin kuwa bai taɓa naɗe shi ba, domin a ganinsa tamfol ɗin ya bushe, ranar da aka lanƙwasa shi ranar zai tsage.

Matarsa abu guda take roƙo: ya naɗe rufin, ya zaga gari da ita iska tana kaɗa ta.

"Maigida, uwar ɗakin nan taka ba za ta cire ɗankwali ba, ko don ni?"

"Ki yi haƙuri. In ya tsage, ina zan samo irinsa?"

"Mai ɗinki yana tsoron yagewa! Kada ka bari abokan sana'arka su ji."

Sai su yi dariya, ya ce bari damina ta wuce. In ta wuce, ya ce bari zafi ya ragu. Haka suka tsufa. Bara ta kwanta ciwo, aka kai ta asibiti, ba ta dawo ba.

Bayan masu ta'aziyya sun watse, ya aiko a kira ni. Na same shi tsaye a garejin.

"Malam, riƙe mini wancan gefen."

Ya saki ƙugiyoyin da ke saman gilashin gaba, muka tura tare. Tamfol ɗin ya naɗe lami lafiya, ko ƙara bai yi ba. Ya bi kowane lanƙwasa da yatsa, yadda yake duba aikin mutane.

"Duba ta wajenka."

Na sa tabarau na duba a tsanake. Na ce babu.

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Ya buɗe ƙofa ya zauna a kujerar da ke kusa da ta direba, wadda fatarta ke nan sumul. Bai yi kuka ba. Na tambaye shi ko mu mayar da rufin.

"Bar shi," in ji shi.

Har yau a buɗe yake, ƙura tana sauka a kan kujerun. Duk mako ina jin ya tayar da injin, ya gusa da ita kaɗan, ya kashe.