Kwanson Harsashin da Na Gyara wa Abokina

Shekarun baya, tun ban san ko harafi ɗaya ba, ina da 'yar rumfa a kasuwar Laranto inda nake gyaran risho da fitila da makullai. A lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Nakan ce wa mutane babu ƙarfen da zai shigo rumfata ya fita bai yi mini biyayya ba. Yanzu idan na tuna sai kunya ta kama ni, mutumin da iyakarsa liƙe gindin risho.

Ina da wani aboki manomi, Kirista, ɗan asalin ƙauyukan bayan gari. Duk sanda ya kawo dankali kasuwa, a rumfata yake ajiye buhunansa, mu sha shayi tare. Ko lokacin da gari ya rikice, mutane suka daina shiga unguwannin juna, shi bai daina zuwa ba. "Oga maƙeri" yake kirana, ni kuma in ce masa "Sarkin noma".

Wata rana da hantsi ya zo da wata leda ya zazzage a gabana. Kwanson harsashi ne guda goma sha biyu, na tagulla, waɗanda aka riga aka harba. A wurin 'yan gwangwan ya saya. Ya ce birai sun addabi masararsa, suna saukowa daga duwatsu garke guda, ga shi masarar ce abincin gidansa na shekara. Yana da tsohuwar bindigar farauta da ya gada wurin babansa, amma an daina samun harsashinta. Waɗannan kwanson kuwa sun yi mata girma.

"Oga maƙeri, ka rage mini su su shiga. Albarushi ni zan zuba da kaina, na ga yadda baba yake yi."

Na ce masa ban taɓa irin wannan aikin ba.

Ya yi dariya, ya juya wurin maƙwabtana masu rumfa. "Ku ji fa! Mutumin da ƙarfe yake gaishe shi da safe, yau ɗan kwanso ya ba shi tsoro."

Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, na jawo ledar.

Kwana uku na yi a kansu. Ina bugawa a hankali, ina gogawa da magagari, ina gwadawa da wani tsohon kwanso na bindigar da ya bar mini. Mahaifiyata ta gan su a aljihun rigata da na koma gida Anguwan Rogo, ta ce, "Wannan ba aikinka ba ne. Ka mayar wa mai shi." Na ce mata, "Inna, ƙarfe ai ƙarfe ne." A rana ta uku na wanke su da toka da lemun tsami, suka yi ƙyalli kamar 'yan kunnen amarya. Abokina ya zo ya karɓa yana ta jinjina mini.

Bayan mako biyu matarsa ta zo rumfata. Ban taɓa ganinta a kasuwa ita kaɗai ba. Ta ajiye ledar a kan bencina, saura guda tara a ciki.

"Malam, ka riƙe kayanka. Yana asibiti."

A harbi na uku bindigar ta fashe a hannunsa. Ya rasa idon dama da yatsu uku na hannun dama, hannun fartanya.

Da na je duba shi, akwai wani dattijo tsohon soja a gadon kusa da nasa. Ya karɓi kwanso ɗaya daga hannuna, ya juya gindinsa ya duba. Ya ce, "Kai, ba ka ga lambar da ke nan ba? Wannan ai ba na irin bindigarsa ba ne. Ba ka karanta ba?"

Na ce, "Baba, ban iya karatu ba."

Abokina, fuskarsa duk bandeji, ya lalubo hannuna da hannunsa na hagu. Ya ce, "Ku bar shi. Ba laifinsa ba ne, bai yi makaranta ba. Ni na matsa masa."

Maganar nan ta bi gari. Matarsa ta huce, 'yan'uwansa suka huce, maƙwabtana suka riƙa ba ni haƙuri kamar ni aka yi wa rauni. Ni ma na rungumi maganar na zauna a kanta shekara da shekaru. Ban iya karatu ba, shi ke nan.

Masarar waccan shekarar birai suka cinye. Da ya ga noma ya gagare shi da hannu ɗaya, ya bar wa ƙaninsa gonar, ya koma gadi a wata makaranta. Ya ci gaba da zuwa shan shayi, sai dai ba buhun dankali. Ni nake riƙe masa kofi har ya daidaita shi a hagu. Bai taɓa tayar da zancen ba har ya rasu, shekara huɗu ke nan, bayan wata gajeruwar jinya.

Bayan rasuwarsa na shiga ajin yaƙi da jahilci, na wuce shekara arba'in da biyar, ina zaune ina maimaita baƙaƙe kamar ɗan firamare. Ban yi gaggawa ba. Ranar da na ji na iya, na buɗe akwatina na ɗauko kwanso ɗaya da na ajiye. Na juya gindinsa. Na karanta lambobi uku da haruffa biyu, ɗaya bayan ɗaya, ban yi kuskure ba.

Ba su gaya mini komai ba. Ko da a wancan lokacin na iya karanta su, ba zan san me suke nufi ba.

Abin da na sani, tun a rumfa na san shi. A rana ta biyu ta aikin, guda uku daga cikinsu sun yi tsaga kusa da gindi, siririya kamar silin gashi. Na gani da idona, na ji da farcena. Mai gyaran risho ya san abin da tsaga take yi idan wuta ta kama. Amma an yi dariya a gaban mutane, kuma na riga na ce zan iya. Shi ya sa na nemo toka da lemun tsami.

Malamarmu ta ce kowa ya rubuta abin da ya taɓa faruwa da shi. Ga nawa, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba, har mahaifiyata ta bar duniya. Na ga tsagar. Na koyi rubuta kalmomin nan uku da hannuna, mai yatsu biyar cif, amma wanda ya kamata ya ji su yana kwance a bayan cocinsu, ya tafi yana ba ni uzuri.