Tsagar Bature

Ni ne na yi laifi, kuma gara in faɗa tun daga farko kada wani ya karanta ya ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba. Abin ya faru shekaru kaɗan bayan yaƙin basasa, ina saurayi, amma ko yau na rufe ido ina ganinsa. Ba na jin zan manta da shi har a sa ni a ƙasa.

Iyakar karatuna firamare. Da ma'aikatan lafiya na Kafanchan suka fara zagayen yi wa yara allurar baƙon dauro a ƙauyukan wajen Kagoma, sai suka nemi wanda ke jin Hausa da yarenmu, don tsofaffin mata da yawa a lokacin Hausarsu ba ta wuce ta cinikin kasuwa ba. Fastonmu ya ba da sunana. Aka ba ni gaban mota kusa da malamin lafiya, ni kuwa kaina ya kumbura.

Malamin nan mutum ne mai son bayani. A hanya ya tambaye ni, "Tafinta, yaya ake cewa rigakafi da yarenku?"

Na juya maganar a kaina, ban samu kalma ɗaya ba. Muna da ta magani, muna da ta warkewa, amma ta abin da ake ba mai lafiya don cutar da ba ta zo ba, babu.

Ya ce ba mu kaɗai ba ne, kowane harshe sai da ya yi aro daga wani wuri. Turawa, in ji shi, kalmarsu guda daga aikin lambu ta fito, yadda ake yanka jikin bishiya a saka tohon wata, irin mangwaron aure. Ɗayar kuma daga sunan saniya, don a jikin shanu aka fara samun maganin agana. Bahaushe ya ce rigakafi, wato ka riga abu ka kafe gari kafin ya iso, tsofaffi kuma suna cewa lamba saboda tabon da ta agana ke bari a dantse. Direbanmu, wani Bayarabe, ya sa baki ya ce su ma daga sunan wani tsohon maganin tsari suka ɗauko tasu.

"To kai ma ka nemo hanyarka," in ji malamin. "Amma abu biyu kada ka bari su faɗi a ƙasa. Allurar nan ta baƙon dauro ce kaɗai. In yaro ya kamu da wani ciwo, a kai shi asibiti."

A ƙauyukan farko na yi ƙoƙari. Na tsaya ƙarƙashin mangwaro ina ta dogon zance, cewa za a sa wa yaro ɗan ƙanƙanin abu mai kama da cutar don jikinsa ya san ta. Da mata suka ji haka, kuma suka ga bindigar allurar da ake takawa da ƙafa, sai suka saɓa 'ya'yansu suka bi ta bayan rumbuna. Wata tsohuwa ta ce mini, "Ɗana, cuta na zaune lafiya a gidanta, ni zan je in kira ta?" Malamin ya fara cewa ko za a nemo wani tafinta. Wannan magana ita ta shiga raina, don ba na son in sauka daga gaban motar nan in koma fartanya.

A wajenmu akwai tsaga. Mai magani yakan ɗan tsaga fatar yaro da aska, ya shafa baƙin gari, kuma an yarda cewa jikin ya rufu ke nan daga kowace cuta. Tsagar tana da doka wadda kowace uwa ta sani: in yaro ya yi zazzaɓi bayanta, maganin ne ke faɗa da abin da ya zo, kuma duk wanda ya ɗora wani magani a kai ya karya ta. Na san dokar nan sarai, ni ma ina da tabon a ƙirji.

Da muka iso ƙauyenmu na ga dangina sun taru suna kallona cikin farar riga, sai na ce musu da yarenmu, "Wannan tsagar Bature ce. Ta fi ta gida ƙarfi. Yaron da aka yi wa, jikinsa ya rufu." Shi ke nan abin da na faɗa. Maganar asibiti ban taɓa ta ba.

Layi ya miƙe har bakin majami'a. Malamin bai ji abin da na ce ba, ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai, ashe ka samo kalmar!" Na ce na samo. Haka na yi ta faɗa a sauran ƙauyuka.

A layin nan har da matar yayana, goye da 'yarta wadda ba ta daɗe da fara magana ba. Da wasa a tsakaninmu kamar yadda aka saba, ta ce, "Mijina likita, in 'yarka ta yi kuka kai za ka goya ta." Na ce, "Matata, ai daga yau kin huta da ciwo a gidanki." Da bakina na faɗa, ina dariya.

Da bazara ta yi zafi na zo gida wata Lahadi. Ban ga matar yayana a majami'a wajen sujada ba, alhali ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata. Yayana kuwa yana aikin layin dogo, ba ya gari. Na wuce gidansu na same ta zaune a ƙofar ɗaki tana tsince acca.

"Ina ƙaramar?"

"Tana ciki. Tsagarku ce ke aiki. Kai, mijina, maganin nan naku da ƙarfi yake."

Na shiga. Yarinyar na kwance a tabarma, kanta ya lanƙwashe baya, idonta a buɗe amma ba ta kallon kowa. Na taɓa ta, jikin kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Na so in ɗaga kanta, wuyan ya ƙi, ta yi wata ƙara da ban taɓa jin yaro ya yi ba. Na taɓa ganin haka a asibiti, na ji ma'aikata na kiransa sanƙarau.

"Tun yaushe take haka? Me ya sa ba ki kai ta asibiti ba?"

Ta dube ni da mamaki na gaskiya. "In kai ta su yi mata wata allura su karya tsagar? Maƙwabciya ta kawo jiƙo ma na hana. Ba kai ka ce jikinta ya rufu ba?"

Babu zargi a muryarta ko kaɗan, kuma wannan ya fi komai kashe ni. Tana zaune tana kallon 'yarta tana ƙonewa, tana danne zuciyarta, don ta gaskata ni.

Na ari keke, ta goya yarinyar ta hau baya, muka kai bakin titi, wata motar doya ta ɗauke mu zuwa Kafanchan. Yarinyar ta rayu, godiya ga Ubangiji. Amma da aka sallame su, aka kira sunanta ba ta juyo ba. Aka buga kwano a bayanta, ko gezau. Ciwon ya tafi da jinta, 'yan kalmomin da ta koya su ma suka bi shi a hankali.

Ga laifina na biyu, wanda ya fi na farko muni. A asibiti wata nas ta wanke matar yayana tas, ta kira ta jahila mai wasa da ran ɗa. Ina tsaye, na yi shiru. Yayana ya dawo, ya ce ita ta kurmantar masa da 'ya, dangi suka taya shi. Nan ma na yi shiru. Ita kuwa ba ta taɓa ambaton sunana ba. Ta daina kirana mijinta, ta koma gaishe ni kamar baƙo, ta daina ba da waƙa. Na bar aikin tafinta, na ce wa mutane ya gundure ni.

Shekaru suka wuce, aka sake zuwa yi wa yara allura. Ƙauyenmu suka ƙi fitowa. Suka ce tsagar Bature ƙarya ce, ga kurma nan a gidan yayana shaida. A shekarar nan baƙon dauro ya shigo, muka binne yara a unguwarmu. A bakin kabarin ɗaya daga cikinsu na gane cewa shiruna bai tsaya a gida ɗaya ba. Abin da na koya shi ne, wanda aka ba amanar kai magana daga wani harshe zuwa wani, in ya rage ta don a yaba masa, wasu ne za su biya da jikinsu.

Lahadin da ta biyo, bayan wa'azi, na roƙi Fasto izini na fita gaba. Na yi bayanin da yarenmu, dogo, yadda ya kamata in yi tun farko. Na ce allurar ba tsaga ba ce, ba ta rufe jiki, cuta ɗaya take tsarewa, kamar yadda muke ƙone ciyawar gefen rumbu don wutar daji in ta zo ta rasa abin ci. Na ce ni na ƙirƙiro wancan suna, malamin lafiya bai taɓa faɗa ba.

Sannan na taka zuwa bencin mata. Matar yayana na zaune, yarinyar a gefenta, ta girma, tana kallon bakina kamar yadda take yi wa kowa. Na durƙusa a gabansu.

Na ce, "Ba ke kika yi ba. Kin riƙe maganata ne, maganata kuwa ƙarya ce. Na ji ana zaginki, na ɓoye a bayanki. Ki gafarta mini."

Ta kama hannun 'yarta ta ɗora a kaina, ta ce, "Ni na ji. Ita fa?"

Na kama kunnena, na nuna nata, na buga ƙirjina, na sunkuyar da kai har ƙasa. Na faɗa a hankali don ta ga leɓɓana, "'Yata, ni ne. Ki yafe mini."