Hancin Mai Turare

Shekara talatin da ɗaya Mai Turare ya yi yana ciyar da iyalinsa da hancinsa. Shagonsa bai fi taku huɗu ba, kwalabe jere har rufi, kuma bai taɓa rubuta awon haɗi ko ɗaya ba, domin a ganinsa takarda ta marasa hanci ce. Wannan girman kai ne, ko da yake mai hujja ne.

Sai mura ta kama shi, ta wuce, ta bar hancin a toshe, goshi da kumatu suna yi masa nauyi. Mako uku yana haɗa turare da ka. Ranar da wata dattijuwa, wadda ta daɗe tana saye a wurinsa, ta dawo da kwalba ta ce, "Malam, wannan ba hannunka ba ne," tun da rana ya rufe shago. Lissafin a fili yake: in hanci bai dawo ba, sana'a ta tafi.

'Yarsa ta fari, ma'aikaciyar jinya, ta kawo masa robar matsawa mai tsinin baki don wanke hanci. Ta tafasa ruwa kofi guda, ta bari ya huce, ta narkar da gishiri rabin ƙaramin cokali.

"Baba, ka sunkuya, ka karkata kai, baki a buɗe. Ya shiga ta nan, ya fita ta can. Ruwan da ba a tafasa ba, kada ka kuskura. Kuma kada ka ƙara komai."

Amma wanda ya saba gyara duk ruwan da ya shiga kwalba ba ya iya ganin ruwa tsura ya ƙyale. Washegari ya ɗiga masa turaren wardi, ɗigo ɗaya tak. Ya wuni yana atishawa, idanu jajur, matarsa tana ƙirgawa daga kicin.

"Arba'in da biyu, Malam. Ko a kira maƙwabta su taya ka?"

"Ruwan ne ba shi da armashi."

"Ai ba biki aka gayyace shi ba, Baba," in ji 'yar. "Wanki ya zo yi."

Daga nan ya bi umarni, safe da yamma, yana wanke robar ya shanya. Ba ƙaramin abu ba ne gwani ya yarda cewa akwai haɗin da ya fi ƙarfin gyaransa.

Rana ta shida, yana buɗe shago, ya tsaya cak. Kwatar bakin titi, wadda ya shekara yana tsine wa, ita ta fara yi masa maraba.

"Wari take yi," ya ce wa tela maƙwabcinsa, bakinsa har kunne. "Wallahi wari."

"Sai yau ka sani?"

Ya shiga, ya shinshina kwalbar da aka dawo da ita, ya girgiza kai: miski ya yi yawa. Ya zubar, ya sake haɗawa, ya kai wa dattijuwar har gida. Ta shafa a bayan hannu, ta kai hanci, ta daɗe.

"To," ta ce, "sannu da zuwa, Malam."