Gwiwar da Ta Taɓa Ƙasa

Har yanzu ban manta da yammacin da na buɗe baki a gaban telebijin ba, a wani ƙauye na gefen Tarka. Nan aka fara tura ni aiki a matsayin majo, wato ma'aikacin jinyar da ke riƙe da gidan likitan ƙauye. Ni ne mai allura, ni ne mai ɗinki, babban likitanmu kuwa yana can Tanout. Iyalina na baro su Maraɗi.

Abin da ya raba ni da zaman kaɗaici shi ne ƴar telebijin da na zo da ita da batirinta. Lokacin gasar kokowa ta ƙasa sai in fito da ita baranda bayan la'asar, maza su cika wurin, ana shayi ana ihu. Ni dai ina gefe ina murmushi, ban taɓa sa baki ba.

Ranar nan ɗan Damagaram, na yankinsu, ya kara da ɗan Maraɗi, namu. Aka rungumi juna, aka yi ƙasa-ƙasa, alƙalin wasa ya ɗaga hannun namu. A dokar kokowa, wanda gwiwoyinsa biyu suka taɓa ƙasa an kayar da shi, gwiwa ɗaya kuwa ba kaye ba ce. Baranda ta kaure, wannan na cewa an sayi alƙali, wancan na rantsuwa. Daɗi ya ɗebe ni na ce, "Ku yi haƙuri, gwiwoyin mutumin naku sun taɓa ƙasa, na gani."

Wani ya ce, "Haka ne, Majo." Ɗaya bayan ɗaya suka ɗauki takalmansu.

Washegari na shimfiɗa tabarmi, ba wanda ya zo. Magani dai ana zuwa karɓa, a gaishe ni da ladabi, a wuce. Gardamar ta koma rumfar mai shayi. Daga ɗakina ina jiyo su, amma da na doso sai a yi shiru, a ba ni benci, a shiga tambayata gajiya. Na gama kallon gasar ni kaɗai, ina yi wa telebijin magana. Wallahi abin ya ci mini rai.

Da na kai rahoton wata Tanout, na roƙi babban likita a canja mini wuri. Ya ce, "Sun zage ka?" Na ce a'a. "Sun daina kawo yara rigakafi?" Na ce suna kawowa. Ya ce, "To me zan rubuta? Koma, in ka zo wata mai zuwa mu sake magana."

Ana cikin haka aka kawo mini Baba Mamman, wani dattijo mai raƙuma, igiyar guga ta yanke masa tafin hannu a bakin rijiya. Na wanke, na fara ɗinki. Yana cije baki, can ya ce, "Majo, ai ba su taɓa ba."

Na ce, "Me, Baba?"

"Gwiwoyin. Ɗaya ce ta taɓa. Son kai ne irin naku na Maraɗi."

Ɗansa da ya rako shi ya ce, "Haba Baba, Majo ne fa!"

Baba Mamman ya ce, "Kai, rufe mini baki! Kunyar nan taku ce ta sa kuka bar bawan Allah shi kaɗai. Ya faɗi son ransa, ba mai iya ce mishi ƙarya yake, sai kowa ya gudu."

Sai a lokacin na gane. Ashe ba fushi suke ba. Nauyina suke ji: mutumin da ke duba matansu da ƴaƴansu ba a musu da shi, kokowa kuwa ba ta kalluwa ba musu.

Na ce, "Baba, biyu ne. Idonka ne ya tsufa."

Ya ce, "Idon da ke gane raƙumina tun daga bayan tudu?"

Muka yi ta yi har na ɗaure bandeji, masu jiran layi suna leƙowa ta taga. Da la'asar mutum ya cika baranda, alhali gasar ta ƙare tuni, labarai kawai ake karantawa. Su ma sai da muka yi gardama a kansu.

Ku da za a tura ƙauye, ku riƙe wannan: gaisuwa da benci kowane baƙo ana ba shi, wanda aka ɗauka na gida shi ake ƙaryatawa. Ban sake tayar da zancen canjin wuri ba. Ranar da na bar garin, bayan shekaru, Baba Mamman ya riƙe hannuna da hannun nan mai tabo, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Majo. Amma ɗaya ce."